Hoton Sallah a Garwa: Hukuncin Sura da Mas'alar Tunawa

Hoton Sallah shi ne hoton da mutum ko iyali suke ɗauka ranar idi, cikin sababbin kaya, don a ajiye ko a aika wa dangi na nesa. A Garwa, babban birnin yankin Arewa na ƙasar Kamaru, da sauran garuruwan lamido irin su Marwa da Ngaundere da Rai Buba, wannan al'ada ta shiga jerin hidimomin Sallah tare da ɗinki da kitso da lalle. A 'yan shekarun nan wani abu ya ƙaru a kanta, wato katin Barka da Sallah da ake tsarawa a waya, a ɗora hoton mai gaisuwa a gefe, jinjirin wata a sama, addu'a a ƙasa, sannan a tura ta WhatsApp ko Facebook. Dukansu biyu suna taɓa wata tsohuwar mas'ala ta fiƙihu, mas'alar sura, wadda hadisai suka yi magana mai zafi a kanta. Mas'alar tana da fuska biyu da ake yawan cakuɗawa wajen muhawara: mene ne shi hoton a kan kansa, da kuma me ake yi da shi bayan an ɗauka.

Garwa tana bakin kogin Binuwai. Fulani ne suka kafa sarautarta a farkon ƙarni na 19, ƙarƙashin masarautar Adamawa da Modibbo Adama ya kafa a 1809 da tutar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, kuma Yola ce uwar ƙasa har Jamusawa suka kama garin a 1901. Hausawa sun biyo hanyar fatauci suka zauna, 'yan kasuwa da mahauta da maɗinka da wanzamai da makaɗa, har aka sami unguwar da ake kira Hausare. Daga wannan cuɗanya Sallar Garwa ta ɗauki kamanninta. Lamido yakan fita idi da dawakai da dogarai, ana busa algaita da kakaki, bayan an sauko mahaya su yi sukuwa su zo su yi jinjina. Yara su bazu yawon Sallah suna tara 'yan sefa. Dokar Kamaru ta 1973 ta sa Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah cikin ranakun hutun ƙasa, don haka ma'aikacin gwamnati da na kamfanin auduga na Sodecoton, Musulmi da Kirista, kowa yana gida ranar.

Shi farin cikin idi ba a tababa a kansa. An ruwaito daga Anas cewa Annabi (SAW) ya tarar da mutanen Madina da ranaku biyu na wasa, ya sanar da su Allah ya musanya musu da waɗanda suka fi, idin azumi da idin layya. Nana A'isha ta ba da labarin 'yan mata biyu da suke waƙa a ɗakinta ranar idi, Sayyidina Abubakar ya tsawata, Annabi ya ce a bar su; ta kuma kalli Habashawa suna wasa da masu a masallaci tana bayansa. Ado da sukuwa da raha suna da madogara ke nan. Tambaya tana farawa ne daga lokacin da aka ɗaga kyamara.

An bayyana fasahar hoto a Faransa a 1839, ta iso arewacin Kamaru a hannun Turawan mulki, waɗanda suka fi ɗaukar sarakuna da mahaya. Talaka kuwa ta ƙofar hukuma ya san kyamara: katin shaidar ɗan ƙasa, takardar makaranta, fasfo na aikin hajji. Takardun kuɗi na zamanin Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa da ya shugabanci Kamaru daga 1960 zuwa 1982, suna ɗauke da fuskarsa, sai ga hoto a aljihun kowa, har malamin da bai yarda da shi ba. A lokacin shagunan hoto da ƙaramin hoton kati suke rayuwa a sauran ranaku, Sallah ce kakarsu. Shagon wancan lokaci ɗaki ɗaya ne, da labule mai zane a bango, kujera ɗaya ko biyu, da furen roba a kan tebur. Maigida ya zauna ya baza babbar riga yadda aikin wuya zai fito, yara su tsaya a gefe cikin ɗinki iri ɗaya, mai hoto ya gyara wa wannan hula ya ɗaga wa wancan haɓa. Ba a murmushi sosai, don zama gaban kyamara abu ne na natsuwa. Bayan 'yan kwanaki a dawo a karɓi wanki, ɗaya a sa a albam, ɗaya a ba direba ya kai wa ɗan'uwa a Yola ko Duwala. Ayyukan wasu masu hoton karkara sun tsira har duniya ta gani: Joseph Chila na Mayo Darle da Samuel Finlak na ƙauyen Atta, duka a yankin Adamawa na Kamaru, an baje hotunansu a Landan a 2005. Sana'ar ta karye a ƙarshen shekarun 1990, da hukuma ta koma ɗaukar hoton kati da kanta ta kwamfuta, daga baya waya mai kyamara ta ƙarasa abin da ya rage.

Nassoshin da ake kafa hujja da su sanannu ne. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa masu yin sura suna cikin waɗanda za su fi shan azaba ranar ƙiyama, za a nemi su busa rai ga abin da suka siffanta, ba kuwa za su iya ba. Sun ruwaito cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare ko sura. Sun kawo labarin labulen A'isha mai surori, wanda Annabi ya nuna ƙinsa, ta yanka shi ta yi matasai. Ibn Abbas, da wani mai zane ya zo yana kukan cewa da wannan sana'a yake ci, ya ba shi shawarar ya koma zana itatuwa da abin da ba shi da rai. A ɗaya gefen akwai ruwayar da ta ware zanen jikin tufa daga hanin. Akwai 'yan tsanar A'isha, har da doki mai fukafukai wanda Abu Dawud ya ruwaito Annabi ya gani ya yi dariya. Suratu Saba'i kuma ta ambaci mutum-mutumi cikin abubuwan da aljanu suke yi wa Annabi Sulaiman. Daga waɗannan malamai suka ciro dalilai biyu na hanin. Ɗaya shi ne kwaikwayon halittar Allah, mutum ya siffanta mai rai da hannunsa kamar shi ma mahalicci ne. Ɗayan shi ne girmamawa da ke iya kaiwa ga shirka. Labarin labulen ya fi kowane bayyana dalili na biyu: ƙyalle ɗaya ne, surori ɗaya, amma da yana rataye an ƙi shi, da ya koma abin jingina an bar shi. Inda aka ajiye sura yana canza hukuncinta.

Mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta zauren karatu a Garwa kamar yadda take a Kano da Sakkwato, ta fi sauran sassauci a nan. Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a 996, ta sa surori a jikin gado da bango da zobe cikin makaruhi, ta fitar da zanen tufa daga ciki, tare da cewa barinsa ya fi. Masu sharhin Muhtasar na Halil, irin su Dardir, sun tattauna batun a babin walima, wajen lissafa abin da ke sauke wa mutum wajabcin amsa gayyata. Sun ce surar da ta haramta ita ce ta mai rai, mai jiki da inuwa, wadda gaɓoɓinta suka cika. Wadda ba ta da inuwa, kamar zane a takarda ko bango, makaruhi ce idan an ɗaukaka ta, in kuwa a wurin da ake takawa ko zama take, barinta ne kawai ya fi. Nawawi na Shafi'iyya, wanda ya rasu a 1277, bai yarda da wannan rarrabewa ba. A wurinsa mai inuwa da marar inuwa duk haramun ne. Saɓanin ya girmi kyamara da ɗaruruwan shekaru.

Da kyamara ta zo sai aka sake buɗe littafi. Shehu Muhammad Bahit al-Muɗi'i, wanda ya zama Muftin Masar a 1914 ya rasu a 1935, ya rubuta risala sukutum kan halaccin hoton kyamara. Hujjarsa ita ce mai kyamara ba ya ƙirƙirar siffa. Siffar da Allah ya riga ya halitta ce haske ya ɗauko, na'ura ta tsare ta, kamar yadda madubi yake nuna fuska, sai dai wannan ba ya gushewa. Tunda hannu bai siffanta komai ba, dalilin kwaikwayon halitta ya faɗi. Yusuf al-Ƙaradawi ya bi wannan ra'ayi a littafinsa na halal da haram na 1960. Shehu Ibn Baz da Shehu Albani, waɗanda duka suka rasu a 1999, sun ƙi. Suka ce sunan sura ya hau kan abin da ya fito, ko da wace hanya aka samo shi, ba a yarda ba sai don lalura irin ta fasfo da katin shaida. Shehu Ibn Usaimin, wanda ya rasu a 2001, ya tsaya a wani wuri na dabam: ya yarda cewa ɗaukar hoton nan take ba shi ne siffantawar da hadisi ya hana ba, amma ya ce hukunci yana bin manufa, kuma ya hana ajiye hoto don tunawa. Da hoton waya ya zo, Mufti Taƙi Usmani na Pakistan ya ce abin da ke kan allon na'ura ba tabbatacciyar sura ba ce sai an buga shi a takarda, wasu malaman ƙasarsa da na Indiya suka saɓa masa.

Duk waɗannan ra'ayoyi ana jin su a arewacin Kamaru, ta bakin ɗaliban da suka dawo daga Azhar da Madina, da wa'azin malaman Najeriya da ake saurara a kaset a da, yanzu a waya. Shi ya sa a gida ɗaya za a ga uba ya zauna a tsakiya an ɗauka, ɗansa ya koma gefe yana cewa shi dai a yi masa uzuri. Idan aka auna hujjojin a kan hoton iyali tsantsa, wanda ba a taɓa shi da gyara ba, hujjar Bahit tana da ƙarfi, ga kuma sassaucin Malikiyya a bayanta. Wanda ya ƙi shiga kuwa yana da magabata, tsantseninsa ba abin zolaya ba ne, kuma ɗaukarsa a ɓoye cin amana ne.

Matsayin Ibn Usaimin ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin ya taɓa ainihin abin da ake yin hoton Sallah dominsa. Babu mai ɗaukar hoton nan don ya yi gasa da Mahalicci. Ana ɗauka ne don a tuna. Kuma mafi tsufan labarin sura a cikin Musulunci labarin tunawa ne. Suratu Nuhu ta ambaci gumaka biyar: Wadda, Suwa'a, Yagusa, Ya'uƙa da Nasra. Buhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa waɗannan sunayen mutanen kirki ne daga mutanen Annabi Nuhu. Da suka mutu aka kafa musu siffofi a wuraren zamansu, aka kira siffofin da sunayensu, ba a kuwa bauta musu ba. Sai da wannan tsara ta shuɗe, ilimi ya ɓace, sannan aka fara bauta. Haka kuma da Ummu Salama da Ummu Habiba suka ba Annabi labarin wata majami'a mai surori da suka gani a Habasha, bayaninsa ya tafi ga mutanen da idan salihi ya mutu a cikinsu sai su gina wurin ibada a kabarinsa su yi surarsa.

Abin lura a labarin Ibn Abbas shi ne tsarar farko ba ta ɓata ba. Ta san su waye mutanen, ta san bayin Allah ne. Ɓarna ta zo lokacin da siffa ta rayu, bayaninta ya mutu. Wannan ya nuna cewa hoto ba ya tunawa da kansa. Yana adana fuska da riga da hula, amma sunan mutum da halinsa da abin da ya tsaya a kai a bakin masu rai suke. Hausawa da Fulani suna da hanyoyin tunawa da ba sa bukatar fuska. Ana mayar da sunan kaka ga jika, a riƙa kiransa Abba ko Baffa, a kira yarinya Ummi ko Inna, don kunyar ambaton sunan. Ana yi wa mamaci sadaka da addu'a, ana ziyarar maƙabarta, maroƙa da masu kirari suna riƙe da salsalar gidajen sarauta. Waɗannan hanyoyi suna amfanar mamacin ko suna ɗora wa mai rai wani nauyi. Hoto shi kaɗai ba ya yin ko ɗaya. Iyakarsa ya tayar da zuciya, daga nan ko ta tafi ga addu'a, ko ta tafi ga sabunta baƙin ciki, wanda shi ne abin da masu hani suke tsoro.

Duk da haka ba za a raina abin da yake adanawa ba. Shekarar wata ta gaza ta rana da kimanin kwana 11, don haka Sallah tana zagaya yanayi duka cikin shekara 33 ko kusa da haka. Ƙaramar Sallah ta faɗo a Janairu a shekarar 2000, cikin hunturu. A Agusta a 2012, tsakiyar damina. A Afrilu a 2024, lokacin da zafin Garwa yake haura digiri 40. Albam ɗin gidan da ya daɗe yana ɗaukar hoto yana nuna wannan zagaye ba tare da an rubuta ba: shekarun hazo da yara cikin rigar sanyi a ƙarƙashin kaftani, shekarun da tsakar gida take jiƙe, shekarun da kowa ya fake a inuwar darbejiya. Yana kuma nuna wanda yake bara ba ya nan bana. Mai hankali idan ya jera hotunan Sallah goma na gidansu, wa'azin mutuwa yake karantawa, kuma tuna mutuwa abu ne da shari'a ta kwaɗaitar. Sharaɗin kawai shi ne kada bayani ya rabu da siffa: a rubuta suna da shekara da wuri a bayan hoto, a gaya wa yara wane ne wannan, a bi ambatonsa da Allah ya jiƙansa.

Hatsarin girmamawa ya fi kusa da hotunan manya. Ahijo ya rasu a Dakar a 1989, can kuma kabarinsa yake, don haka mafi yawan 'yan garinsu hotonsa kawai suke iya gani. Wannan tunawa ce ta tarihi da siyasa, ba ta ibada ba. Hotunan shehunnai irin su Shehu Ibrahim Inyas, wanda ya rasu a 1975, sun fi jawo muhawara, saboda ana rataye su a ɗaki da shago da mota. Masu yi suna cewa ƙauna ce da tunatarwa, masu suka suna karanto labarin mutanen Nuhu. Iyakar da ta fito fili daga nassi ita ce kada a fuskanci hoto da salla, kada a nemi kariya ko biyan bukata daga takarda. Akwai kuma hotunan da tun asali ƙarya ne. Shehu Usmanu ya rasu a 1817, shekara 22 kafin a bayyana kyamara. Modibbo Adama ya rasu a 1847, kafin Bature na farko, Heinrich Barth, ya isa Yola a 1851. Duk hoton da ke yawo a waya da sunan ɗayansu na wani ne dabam ko zanen hasashe, kuma ɗora shi a katin Sallah yaɗa ƙarya ne ga bayin Allah, komai kyan niyya.

Waya ta canza abu ɗaya da litattafan fiƙihu ba su yi zatonsa ba, wato wa ke gani. Albam kamar adakar uwargida yake, mai shi ke buɗewa, ga wanda ta ga dama, a cikin ɗakinta. Hoton da aka sa a sitatus na WhatsApp, wanda aka fara a 2017, duk wanda suka ajiye lambar juna da mai shi yana iya gani, ya kwafe, ya tura gaba. A garin da kunya take da daraja, inda gidaje da yawa ba sa barin baƙo namiji ya wuce zaure, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yarinya ta ɗauki ƙawayenta a cikin ɗaki, an cire mayafi ana nuna kitso da lalle, kafin la'asar hoton yana wayar mutanen da ba su taɓa taka ƙofar gidan ba. A nan hukunci bai dogara da saɓanin Bahit da Ibn Baz ba. Suturta al'aura da neman izini da tsare sirrin mutane babu saɓani a kansu, kuma dokar Kamaru ta 2010 kan laifukan intanet ta tanadi hukunci ga mai keta sirrin wani ta wannan hanya.

Sai riya. Babbar Sallah ta zo da nata hoto, maigida riƙe da ƙahon rago. Suratul Hajji ta bayyana cewa nama da jini ba sa isa ga Allah, taƙawa ce take isa. Nuna rago ba haramun ba ne, layya ibada ce ta fili, amma mai nunawa ya san abin da yake nema a zuciyarsa, ya kuma san akwai maƙwabcin da bana bai samu ba, 'ya'yansa suna kallon wayar. Wanda ya fi wannan nauyi shi ne ɗaukar hoton mabukaci yana karɓar nama ko zakkar fid-da-kai. Suratul Baƙara ta yarda da bayyana sadaka, ta ce ɓoyewa ya fi, ta kuma yi gargaɗi cewa gori da cutarwa suna ɓata ta. Ƙungiyar agaji tana iya bukatar shaida ga masu ba da kuɗi, amma buhuna da adadi sun isa shaida. Fuskar tsohuwa da hannunta a miƙe ba ta cikin abin da ta yarda ta sayar da mudun shinkafa.

Katin gaisuwa kuwa asalinsa mai sauƙi ne. An ruwaito cewa sahabbai idan sun haɗu ranar idi suna yi wa juna addu'ar Allah ya karɓa, kuma da aka tambayi Imam Malik ya nuna bai san shi a matsayin sunna ba, bai kuma yi inkarinsa ba. Ga iyalan da iyaka ta raba, musamman bayan ƙuri'ar 1961 da ta bar Mubi a Najeriya tare da Yola, Garwa kuwa tana Kamaru, katin yana ɗinke tazara. Wani lokaci ma sanarwar Sarkin Musulmi da ta kwamitin ganin wata na Kamaru ba sa haɗuwa, hotunan idi su fara shigowa daga ƙetaren iyaka alhali nan ana azumi. Amma ga wanda yake unguwar Fulɓere, kawunsa yana unguwar Yelwa, duka a cikin Garwa, kati ba ya sauke masa zuwa ya durƙusa ya ce Baba an yi Sallah lafiya.

Tsarin katin yana da nasa ladubba. Manhajojin zane irin su Canva suna zuwa da shiryayyun siffofi, fitilar azumi ta Masar, ƙubbar Turkiyya, raƙumi a rairayi, waɗanda ba su da alaƙa da bakin Binuwai. Alhali ƙasar tana da gadon zane wanda ya tashi a inuwar shawarar nan ta Ibn Abbas: zayyanar allon sauka da ta gefen Alƙur'ani rubutun hannu, aska takwas a wuyan riga, dagi a fuskar soro, sassaƙen ƙwaryar matan Fulani, aikin fata na dukawan Marwa, zanen lalle. Duk ba su da surar mai rai, duk suna shiga kati su zauna daram, kuma mai amfani da su ya fita daga saɓani gaba ɗaya. Rubutun Larabci yana bukatar kulawa ta musamman. Wasu manhajoji ba su san rubutu daga dama zuwa hagu ba, sai su rarraba haruffa su juya su, mai tsarawa da bai iya karatu ba ya tura aya a birkice ga mutum ɗari. Kamata ya yi a nuna wa mai ilimi kafin a tura. Idan kati zai fita daga waya ya zama kalanda ko allon talla, sai a tuna inda takarda take ƙarewa, a ƙasa ko a hannun mai ƙosai, a bar aya da sunan Allah daga ciki. Katunan 'yan siyasa da 'yan kasuwa, inda fuskar mai gaisuwa ta cinye fili, sunan Allah ya matse a lungu, sun juya tsarin girma, ko da ba da nufi ba.

Mas'ala mafi sabunta ita ce gyaran hoto. Halaccin da Bahit ya bayar ya ginu ne kacokan a kan cewa hannun mutum bai shiga siffar ba. Manhajar gyara ta dawo da hannun. Ana haska fata, a rage hanci, a ƙara ido, a cire bangon gida a sa Ka'aba ko benayen Dubai a baya. Tun daga 2021 akwai manhajar da take sa tsohon hoto ya motsa, mamaci ya ƙifta ido ya yi murmushi, daga 2022 kuma ƙirƙirarriyar basira ta fara samar da cikakken mutum daga 'yan kalmomi. Wannan ba inuwar da aka tsare ba ce, siffa ce da aka ƙaga, ta fi kusa da abin da hadisan suka ambata fiye da hoton shago na shekarun 1970. Mai neman sassauci zai iya jingina da ra'ayin Taƙi Usmani cewa abin kan allo bai tabbata ba, ko da ƙa'idar Malikiyya cewa marar inuwa bai kai haramun ba. Waɗannan suna amsa tambayar sura, amma ba sa amsa tambayar gaskiya. Gyara haske ko share ƙura daga tsohon hoto mayar da shi ne ga asalinsa. Canza kamannin budurwa a hoton da za a nuna wa mai neman aure yaudara ce, tsayawa gaban Ka'aba ga wanda bai je ba da'awar ibadar da ba a yi ba ce, haska fata kuma yana koya wa yara raina launin da aka halicce su da shi. Motsa fuskar mamaci ya haɗa dalilan hani biyu wuri ɗaya, kwaikwayon rai da ɗaukaka wanda ya mutu, ga shi kuma shi mamacin ba a nemi izininsa ba. Jikan da ya tashi da irin wannan bidiyo zai riƙe murmushin da kakansa bai taɓa yi ba a matsayin abin da ya sani game da shi, kuma idan waɗanda suka san kakan ido da ido suka ƙare, babu mai gyara masa.